Jatau Mai Fito da Furen 'Yar Rana

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

An yi wani mai fito, sunansa Jatau. Da ƙaton gora yake ƙetarar da mutane kogi, goran da ya gada kaka da kakanni. Mutanen gidansu kuwa suna da wata taƙama, wai abin da ruwa ya jawo a ruwa ake nemo maganinsa, ɗan ruwa ba ya roƙon tudu.

Wata damina sai cin ruwa ya kama Jatau. Tsakanin yatsun ƙafarsa ya yi fari, ya tsattsage, ga ƙaiƙayi ga wari. Ku yi ta dariya, amma in ya sa ƙafa a kogi sai ka ce garwashi ya taka. Sarki ya aiko cewa in kasuwa ta sake ci bai koma fito ba, za a karɓe goran a ba wani gida.

Jatau ya je wurin kada. Kada ya ce ya shafa laka. Ya shafa, abin ya ƙaru. Ya je wurin kwaɗo. Kwaɗo ya ce ya wuni da ƙafa cikin kainuwa. Ya wuni, fata ta fara saɓulewa. Ya je wurin zalɓe, ya tambaye shi me ya hana ruwa cinsa, alhali a ciki yake wuni.

Zalɓe ya ce, "Malam Jatau, dubi yadda nake tsayuwa. Ƙafa ɗaya na aiki, ɗaya na shan iska. Sauran maganin yana kan tudu, in girman kai zai bar ka ka hau."

Kunya ta kama Jatau. Amma da tsohuwar zuma ake magani, shi kuwa tasu ta gida ta ƙare. Da rarrafe ya hau.

Rana tsaka ya isa. Sai ya ga tudun nan kaf ya kama da wuta, amma babu hayaƙi. Ashe furanni ne, ruwan ɗorawa da jaja-jaja, dubu bisa dubu, kamar rana ta sauko ta zube a ƙasa. Warinsu da kaifi, ko akuya ba ta cinsu. Jatau ya durƙusa a gabansu. Sai furannin suka kaɗa babu iska, suka ɗauki waƙa:

"'Yar rana ce ni, 'yar rana,
Abin da ruwa ya ci, ni ke amso shi."

Suka ce ya tsinke su ya daka, ya cusa tsakanin yatsu, kwana uku kada ƙafar ta jiƙe.

Ya daka ya cusa, ƙaiƙayi ya kwanta. Ya daka ya cusa, tsaga ta haɗe. Ya daka ya cusa, sabuwar fata ta fito.

Ran kasuwa ya sauko, ya tarar dogarai sun riga sun ɗora hannu a kan goran. Ya wuce su. Ya taka ruwa, ya tsaya yana jiran zafin garwashin nan. Sanyi kawai ya ji. Dogarai suka saki gora, Jatau ya rungume abinsa yana hawayen murna, ya ce masu kaya su matso.

Wanda ya ce magani sai na gidansu, ciwo ya fi shi sanin hanya.

Ƙurunƙus. Na ajiye ta a bakin mashigi, mai so ya ɗauka.