Hujin da ke Cikin Filtar Alhaji Nadabo

An yi wani mutum, bakanike, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, tun zamanin da a-kori-kura ke tashe. Ana ce masa Mati. Talaka ne, ko rumfar da yake aiki a ciki ta Alhaji Nadabo ce, mai motocin dakon albasa. Alhajin nan kuwa wuta ne, idan ya buɗe baki duk gareji sai ya yi tsit.

To, ku saurara. Alhaji ya gaji da sayen filtar iska ta takarda, wadda in ta sha ƙura sai a yar. Sai ya yo odar irin wadda ake wankewa a mayar, ya sa wa sabuwar a-kori-kurarsa, yana ta cika baki cewa shi da sayen filta har abada. Ita kuwa wannan filta haƙuri take so. A wanke ta a hankali, a bar ta ta bushe a inuwa, a shafa mata ɗan mai, sannan a mayar.

Ran nan an cika mota da albasa, direba na jira, Alhaji na tsaye yana zuba masifa, filta kuwa Mati bai daɗe da wanke ta ba, jiƙe take sharkaf. Mati ya ruɗe. Ya zagaya baya wurin mai faci, ya ari bututun iska ya hura mata don ta bushe da wuri. Da ya ɗaga ta ya duba a rana, sai ya ga ɓarna. Iska ta huda ta. Ɗan huji ne, bai fi ƙwayar gero ba.

Abokin aikinsa Ilu ya leƙo ya gani, ya ce a hankali, "Kai, mayar da ita ka ɗaure. Wa zai gani? Kafin ƙura ta cinye injin an yi wata da watanni, a ce direba ne. Ka faɗa, wallahi yau ka bar rumfar nan."

Jama'a, Ilu bai yi ƙarya ba fa! Babu mai gani. Mati ya tsaya, ya tuna bakunan da ke jiransa a gida. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Har ya ɗora filtar a mazauninta, har ya ɗauki murfi. Sai ya ajiye murfin.

Ya je gaban Alhaji ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na huda filtar. Ni na hura mata iska. In aka tafi da ita haka, ƙurar hanya za ta kashe injin."

Alhaji ya ce, "Me ka ce? Maimaita!"

Mati ya maimaita, ya ƙara da cewa, "Kuma Alhaji, filtar nan mai kyau ce ga wanda zai iya jira. Mu kullum cikin sauri muke, hanyarmu kuma turɓaya ce. Ta takardar ta fi mana rufin asiri."

Ai kuwa sai Alhaji ya hau shi da zagi a gaban kowa. Ya sa aka ɗaura ta takarda, mota ta tafi, ya ce Mati ya kwashe sifanunsa kafin la'asar.

Na ga kun zuba mini ido, kuna jira in ce Alhaji ya dawo ya ba shi haƙuri. Bai dawo ba. Motar nan ta yi shekaru tana dako lafiya lau, ba wanda ya ce wa Mati an gode. A gindin wata bishiya ya ƙarasa rayuwarsa yana gyaran injin ban-ruwa. In an tambaye shi ko ya yi nadama, sai ya ce, "Alhaji ba zai gani ba, amma ai ba shi kaɗai ke kallona ba."

Wannan ita ce amana, ku ji da kyau: ka faɗi gaskiya a lokacin da ƙarya ba za ta taɓa tonuwa ba, ko da za ka rasa abincinka. Kai tela, kai magini, ke mai awon hatsi, kowannenmu gobe da safe akwai aikin da zai rufe, mai shi bai ga cikinsa ba. Kafin ka rufe, ka tuna da Wanda Yake gani. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.