Zabuwa Ta Ba Kaza Riƙon 'Ya'ya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Zabuwa dai uwar yawo ce. Ta kai wa Kaza ƙwayayenta, ta ce, "Yaya, ki kwanta a kansu, in sun fito ki koya musu zaman duniya."

Da suka girma ta zo ta kwashe su zuwa daji. Sai ga Dila. Zabuwa ta tashi fir, ta haye tsamiya. 'Ya'yan kuwa suka tsaya neman akurki, Dila ya cafke biyu.

Ta dawo tana kuka. "Yaya, ashe ba ki koya musu tashi ba?"

Kaza ta ce, "Kin taɓa ganina a kan tsamiya? Abin da na iya shi na ba su. Wadda ta iya tashin tana can tana yawo."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, wadda ta haifa dai ta ji.