Raɗa a Kunnen Sarki Jatau

Ranar wata Laraba, bayan sallar azahar, a zamanin da, Sarki Jatau ya kishingiɗa a inuwar tsamiyar da ke bayan fada. Al'adar ƙasar ce, sarki ba ya yanke babban hukunci sai ya yi ƙailula kwana uku a wannan inuwa, abin da ya gani a mafarki shi ne doka. Ba mai kusantarsa sai Bawa, tsohon da ke yi masa fifita.

Hukuncin wannan shekara kuwa na ruwa ne. Rani ya tsananta, rafin gari ya ƙanƙance, kowa na so a karkata shi wajensa: masu rini, da fatake masu raƙuma, da masu lambu.

Da la'asar Sarki ya farka ya ce, "Na ga ruwa yana tafiya a sama kamar zare, ya sauka a karofi. Ana kwashe katsi, gari duka ya koma shuɗi." Washegari ya ce, "Na ga fararen raƙuma suna sha, gajimare na kwance a tozonsu."

Sai wata tsohuwa mai lambun albasa, Tabawa, ta tare Waziri Tanimu a ƙofar gidansa.

"Ranka ya daɗe, wace hanya mafarki ke bi ya shiga fada? Bai taɓa biyowa ta lambu ba. In aka kau da rafin nan albasata ta ƙone, da ita nake ci da jikoki shida."

"Iya, mafarki ai daga Allah yake."

"Haka ne. Sabuwar rigar Bawa mai shuni ma daga Allah take, da takalmansa irin na fatake."

Waziri ya juya ya koma fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mene ne katsi?"

Sarki ya daɗe yana tunani, bai sani ba, don bai taɓa taka karofi ba.

"Lakar da ke kwantawa a gindin rijiyar rini ce," in ji Waziri. "Mutum ba ya mafarkin sunan da bai taɓa ji ba. Gobe ka rufe ido, amma kada ka yi barci."

Ranar Juma'a iska ta kwanta, ganyen tsamiya na sauka ɗaya-ɗaya. Fifita ta yi sanyi, sai Sarki ya ji murya kusa da kunnensa, a hankali kamar ta mai lallashin jinjiri: "Ga ayari ya iso, ga rafi na bin sawunsa..."

Sarki ya buɗe ido. "Wannan na wane ne, Bawa?"

Mafici ya faɗi daga hannun tsohon. "Na fatake ne, ranka ya daɗe. Na masu rini na biye."

"Na masu lambu fa?"

"Su ba su san hanya ba."

Ranar Asabar Sarki ya tara ɓangarorin uku a fili, kowa ya faɗi buƙatarsa a gaban ɗan'uwansa, Tabawa ce ta fara. Aka ba lambu ruwa da safe, raƙuma da rana, karofi da yamma. Aka hana kai buƙata ga sarki a asirce, aka mai da Bawa gadin ƙofar gari. Albasar Tabawa ta nuna a wannan rani.