Gidan da Aka Gina wa Kunkuru

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu sha labari!

Wata mata, Tasalla, ta tsinci Kunkuru a gona, ta jefa shi a buhu, ta kewaye shi da bulo a tsakar gida, wai yana kore sharri. Kullum sai ya kama bango ya hau, ya faɗo rigingine cikin rana, ƙafafu a sama.

Ƙadangare, sarkin gulma, ya leƙo daga kan katanga ya ce, "Baba Kunkuru, haukan me kake yi? An gina maka gida kyauta, ga latas, ga ruwa!"

Kunkuru ya ce, "Kai, an kyauta! Ni da aka haifa da ɗakina a baya, ni aka ga ya dace a gina wa gida. Wai in tsare su daga sharri, ni da ban tsare kaina daga buhu ba. To kai da kake kwana a tsagar bango, sauko mana ka gaje ni."

Ƙadangare ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya ce, "Yau ina da uzuri." Ya arce.

Kunkuru ya mirgina, ya sake kama bango. Har gobe uzurin Ƙadangare bai ƙare ba.

Ƙurunƙus, na ajiye ta a kan ɓera!