Ƙuri'u Huɗu na Layin Masu Gyaran Takalmi

Akwai wani mai gyaran waya da kowa a kasuwa yake kira Injiniya. Ya iya aikinsa, sai dai akwai shi da son wani wasan kwamfuta da ake tsayawa takara a ciki, a yi kamfe, a kaɗa ƙuri'a. Da ya dawo gida ya ci abinci, sai ya buɗe kwamfuta, kuma kullum shi ke lashe zaɓe.

Dabararsa ɗaya ce. Manyan birane yake bi, ƙananan ƙauyuka ko kallo ba su ishe shi ba.

Matarsa ma takan taɓa wasan, amma ita sai ta bi ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya har lokaci ya ƙare, ta sha ƙasa. Ya yi ta dariya yana cewa, "Maman yara, ke gaisuwa kika fito ko neman ƙuri'a?"

Ana nan sai zaɓen shugaban 'yan kasuwa ya zo. Injiniya ya tsaya, ga shi abokin karawarsa babban mai sayar da yadi ne, mai jama'a. Gaskiya yana son kujerar nan sosai. Ya zana taswirar kasuwa a bayan kwali, ya zagaye layin masu yadi da na masu waya. Layin masu gyaran takalmi da ke can ƙarshe kuwa, ya ja masa layi ya soke.

Matarsa ta leƙa kwalin ta ce, "Baban yara, waɗannan fa?"

"Tsofaffi huɗu ne kacal. Ɓata lokaci ne."

"Ko ba ƙuri'a, ai iyayenka ne. Ka je ka gaishe su."

Ya tafi yana ƙunƙuni, don dai a zauna lafiya a gida.

Babbansu ya share masa benci da hannun riga, ya ce, "Ɗana, shekara ashirin muna wurin nan, ɗan takara bai taɓa tako ƙafarsa ba." Kunya ta kama Injiniya, har ya kasa yin maganar zaɓen. Sai ya lura tsohon yana ta jijjiga wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. Wata uku ke nan, in 'yarsa ta kira ba ya jin muryarta.

Injiniya ya zaro sukundireba daga aljihu, ya buɗe wayar a kan cinyarsa, ya share ta, ya gyara. Nan take tsohon ya kira 'yar, yana magana yana share hawaye.

Ranar zaɓe aka ƙirga, Injiniya ya ci da bambancin ƙuri'a uku. Tsofaffin nan huɗu su suka fara shiga layi, dukansu shi suka zaɓa.

Daga nan ya koma gida. Ya buɗe kwamfuta, ya tura ta gaban matarsa, ya ce, "Maman yara, zauna ki koya mini irin faɗuwar nan taki."

Darasi: Kada ka auna mutane da yawansu ko da abin da za ka samu a wurinsu. Wanda ka soke a kan kwali mutum ne mai zuciya, kuma wata rana shi zai ɗaga ka. In labarin nan ya taɓa ka, tura wa wani ya karanta.