Makanikin da Ya Shafe Sunan Ubansa da Fenti

Fasto ya hana mu rantsuwa a ɗakin nan, don haka ba zan rantse ba. Amma ko da na rantse, na san ba za ku yarda da abin da zan gaya muku yau ba. Ku dai gyara zama. Masu gyangyaɗi a bencin baya, kowa ya mintsini na kusa da shi, don labari irin wannan ba a bakin kowa ake samunsa ba.

Akwai wani mutum, makaniki ɗan makaniki, a wani gari da ke bakin babban titi. Ubansa, Baba Zakka, shi ya kafa garejin a ƙarƙashin wani mangwaro, ya rataya allon ƙarfe mai shuɗin fenti da aka rubuta Garejin Zakka. Ko lambar waya babu a jiki, ba ya kuwa bukatarta. Dattijon yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita: duk abin da ya cire daga motarka, fulogi ne ko bel ko takalmin birki, sai ya goge shi ya sa maka a tafin hannu, ka gani da idonka cewa an canja. Saboda wannan, direba yakan yarda a ja motarsa da igiya daga nesa, ya wuce gareji bayan gareji, don dai a kai ta wurin Zakka.

Ɗan ya gaji hannun uban, sai dai ya zo da nasa bakin. Tun yana aji uku a sakandare ya kulle akuyar shugaban makaranta a cikin ofishin shugaban, ta kwana tana cin takardun jarrabawa. Daga ranar bai sake sa kayan makaranta ba. In an tambaye shi, sai ya ce makarantar ce ta kasa riƙe shi, kansa ya fi ƙarfin ajin. Amma a faɗi gaskiya, in mota ta taho tana tari, kafin ta tsaya ya faɗi ciwonta, kuma ba ya kuskure.

Ana nan sai idon Baba Zakka ya dushe, hannunsa ya fara rawa, sifana tana zame masa. Ya miƙa wa ɗan makullin gareji, ya koma kan benci a gindin mangwaro yana sauraron ƙarar injuna.

A kwanakin nan wata mota ta ƙasashen waje ta cika titi, ana ce mata Belmora, tambarinta kifi ne mai fukafukai. Sauran makanikai suna tsoron buɗe cikinta, shi kuwa mutumin namu ya kwance ta ya ɗaura har ya san ta kamar ɗakin kwanansa. Sai ya ce a ransa, "Hannu irin nawa bai kamata ya ƙare a ƙauye ba." Ya tashi ya tafi birni wurin wani mai haɗa wa mutane shafin intanet, ya ce a buɗe masa adireshi.

Mai shafin ya ce, "Da wane suna? Garejin Zakka?"

Makanikin ya yi dariya har da dukan tebur. Ya ce, "Malam, wa zai zauna a Yola motarsa ta mutu ya ɗauki waya ya buga Zakka? Sunan motar zai buga. Sa Belmora, ka haɗa da sunan garinmu."

Mai shafin ya duba ya ce, "Babu wanda ya riga ka kama adireshin. Amma fa, Oga, sunan nan yana da mai shi, kuma ya yi masa rajista."

"In yana son abinsa, me ya sa ya bar shi a titi? Sa mini."

Aka sa masa. Aka ɗora hoton kifi mai fukafukai a saman shafin, a ƙasa aka sa hotonsa sanye da farar riga irin ta likita, ya harɗe hannu a ƙirji.

Da ya dawo gida ya sayi fenti ja, ya hau tsani. Dattijon da ke gindin mangwaro ya ɗaga hanci.

"Warin fenti nake ji, ɗana."

"Gyara nake yi, Baba. Allon ya tsufa."

"Me kake rubutawa?"

Ya gaya masa Belmora yake rubutawa. Baba Zakka ya ce, "Sun ba ka izini?"

"Baba, mutanen nan suna ƙetaren teku. Ko sunan garin nan ba su iya faɗa ba."

"Na ji direbobi suna cewa suna ɗaukar wakilai. Mutum ya je ofishinsu, su koya masa, su zo su duba wurinsa, sa'an nan su ba shi sunan da hannunsu. Ka je mana."

"In koma aji? Ni? Su dai su zo in koya musu."

Dattijon ya zauna yana jin burushi yana tafiya a kan ƙarfe, har shuɗin ya ɓace.

To, da a nan ya tsaya, da sauƙi. Amma mutumin namu ba ya iya yin ƙarya ya bar ta ba ado. Ya bi tasha yana gaya wa direbobi cewa Garejin Zakka ya mutu, kamfani ya saye filin, an kuma naɗa shi manajan reshe. Ya ce babban ogan kamfanin yakan kira shi su gaisa, har yana tambayar lafiyar iyali. Ya buga sitika mai kifi ya manna a bayan kowace motar da ta fita daga hannunsa.

Kasuwa ta buɗe kuwa. Mutanen da bai taɓa gani ba suna aiko da saƙo ta shafin, yana ɗora musu kayan gyara a motocin haya zuwa garuruwa masu nisa. Kayansa na gaske ne, aikinsa mai kyau ne, kuma bai daina sa wa mai mota tsohon fulogi a tafin hannu ba. Mutane suka riƙa cewa, "Kai, kamfanin nan akwai gaskiya, dubi yadda suka horar da mutanensu." Yana ji, yana murmushi. Gari duka ya koma kiransa Oga Belmora, har matarsa. Ranar godiya ya jawo rago zuwa gaban majami'a yana rawa, ya karɓi makirfo ya ba da shaida cewa Ubangiji ya ɗaukaka shi zuwa kamfanin duniya. Jama'a suka yi ta tafi.

A cikin masu tafin akwai Mama Damaris, tsohuwar nas, shugabar zumuntar mata, wadda ta ɗauke shi kamar ɗan cikinta. Tana da Belmora da 'yarta ta saya mata. Wata rana ta kai wa 'yar tata ziyara a babban birni, motar ta fara wata ƙara, aka nuna mata ainihin ofishin kamfanin, mai gilashi da sanyin na'ura. Suka gyara, suka miƙa mata makulli. Ta tsaya ta buɗe tafin hannu.

Ma'aikacin ya ce, "Mama, akwai wani abu?"

"Ina abin da kuka cire? A reshenku na garinmu sai an sa mini a hannu. Ku je ku koyi aiki wurin yaron nan, ya fi ku duka. Ku ƙara masa girma ma."

"Wane reshe, Mama?"

Cikin murna ta ciro wayarta, ta buɗe shafin, ta nuna musu ɗanta mai farar riga. Ta koma gida tana jin ta yi masa alheri.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi, wata sabuwar Belmora ta tsaya a gindin mangwaro, wani mutum mai baƙin kwat ya fito. Makanikin ya ga babban kwastoma, ya gyara farar rigarsa, ya tare shi.

Baƙon ya dubi allon ya ce, "Kai ne wakilin kamfani a nan?"

"Wakili? Ranka ya daɗe, ni ne kamfanin a nan. Ko jiya mun yi waya da babban oga. Ya ce in na samu lokaci in leƙo in duba musu sabon injin da ya gagare su."

"Madalla. Me kuma ya ce?"

Sai mutumin namu ya sake baki, ya ƙara gishiri, ya ƙara barkono. Baƙon ya bar shi ya gama tsaf, sa'an nan ya ce, "Ni lauyan kamfanin ne. Ba mu da reshe a garin nan."

Sifanar da ke hannunsa ta faɗi. Ya yi ƙoƙarin dariya, dariyar ta maƙale. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wasa nake. Ka tambayi kowa, ban taɓa sa wa motarku jabu ba. Suna na ƙara muku."

Lauyan ya ce, "Mun bincika, aikinka yana da kyau. Ba aikinka ya kawo ni ba, sunanmu ya kawo ni. Da ka rubuta sunan garejinka, ka ƙara a ƙasa cewa kana gyaran Belmora, babu wanda zai taɓa ka. Amma ka sa sunanmu a adireshinka, ka ɗauki tambarinmu, ka ce kai ne mu."

"To, ku ɗauke ni wakili yanzu. Zan je ajin. Ko a ƙasa zan zauna."

"Ba ma ɗaukar wanda muka kai kotu."

Baba Zakka yana kan benci, ya ji kowace kalma. Hawaye suna bin gemunsa.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Masu rajistar adireshi suka karɓe adireshin suka miƙa wa kamfanin. Duk wanda ya buga shi daga Yola ko Lafiya, sai ya faɗa shafin ofishin nan mai gilashi, ya sayi kayansa a can, bai ma san an canja hannu ba, gama tun farko bai san da wani makaniki ba. Kotu ta ce ya sauke tambari, ya ɓanɓare sitika, ya kuma biya diyya, diyyar da ta haɗiye kayan shagonsa kaf. A gari kuwa aka ce in sunan na ƙarya ne, to kayan ma na ƙarya ne. Mutanen da motocinsu ke tafiya lafiya lau suka kai su wasu garejin a cire abin da ya sa. Mama Damaris ta zo tana kuka tana cewa, "Ɗana, yabonka na je yi." Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba.

Sai ya tafi tasha ya ce wa direbobi, "Garejin Zakka ya dawo."

Wani tsohon direba ya ce, "Wane Zakka? Ai ya mutu. Kai ka gaya mana da bakinka."

Ya dawo ya hau tsani da wuƙar kankara, yana cewa a ransa sunan ubansa yana nan a ƙarƙashin jan fenti, in ya kankare a hankali zai fito. Ya kankara. Amma sabon fentin ya riga ya kama tsohon, ja da shuɗi suka riƙa zubowa tare a kan takalminsa. Da ya gama, babu komai a allon sai ƙarfe da tsatsa.

Daga gindin mangwaro dattijon ya ce, "Ya fito, ɗana?"

Ya sauko daga tsanin, ya karkaɗe fentin daga takalminsa.

Yanzu ku ji abin da misalin nan yake nufi. Kamfanin nan mai suna kamar Ubangiji ne, gama sunansa yana da mai shi, ba a titi aka yar da shi ba. Makanikin kuwa shi ne duk wanda ya manna sunan Ubangiji a jikinsa don kasuwa ta buɗe masa, ko don a tafa masa a majami'a, alhali bai taɓa zuwa ya durƙusa an koya masa ba. Ya sa sunan a ƙofar shagonsa, a bayan motarsa, a bakinsa, yana cewa kullum suna magana da Mai sunan, Mai sunan kuwa bai aike shi ba. Allon Baba Zakka shi ne 'yar gaskiyar da iyayenku suka bar muku, wadda kuke gani ta yi ƙanƙanta, ta tsufa, ba ta kai a nuna wa mutanen birni ba. Lauyan kuma ranar nan ce da babu wanda ya san zuwanta. Ba da tsawa take zuwa ba, takan tsaya ta bar mutum ya gama cika bakinsa.

Ku lura da abin da ya fi ba ni tsoro. Mutumin nan ba ɓarawon kaya ba ne, aikinsa mai kyau ne, amma kyawun aikin bai cece shi ba, yabon aikin ne ma ya kai mai sunan ƙofarsa. Hanyar izini kuma a buɗe take tun ranar da ubansa ya ce masa ya je. Girman kai ya hana shi zama a aji. Da ya yarda zai zauna ko a ƙasa, an riga an rufe.

Yau ƙofar a buɗe take gare ku. Wanda ya je ya roƙa, ya yarda a duba wurinsa ciki da waje, za a ba shi sunan kyauta, babu kuma mai ƙwace shi. Ban san har yaushe za ta kasance a buɗe ba.

Na ga wasunku suna so su tambaye ni ainihin sunan makanikin, wanda aka raɗa masa ranar baftisma. Na tambaya a tasha, na tambaya a garin. Kowa ya ɗaga kai yana tunani, sai ya ce, "Ai Oga Belmora muke ce masa." Wannan kuwa kotu ta hana a kira shi da shi.