Barewa Mai Ɗingishi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na gare ki.

Akwai wata barewa da babu mai cim mata a guje. Wata rana tarko ya kama ƙafarta, ta kuɓuta amma da ɗingishi. Tun daga nan ta daina shiga cikin dabbobi, tana cewa ba ta da sauran amfani.

Da tafkinsu ya ƙafe, tsohuwar giwa ta ja su zuwa wani kogi mai nisa. Barewa ce ta ƙarshe. A can baya ta tarar da kunkuru ya kife, ta juya shi da ƙahonta. Ta iske bushiya tana kuka, 'ya'yanta sun gaji.

Barewa ta ce, "Ɗora min su, 'yar'uwa. Ni ma a hankali nake tafiya."

Da suka isa, giwa ta ce, "Ƙarfina ya ƙare. Wa zai mayar da ku gida idan damina ta faɗi?"

Kura ta yi wuf ta ce ita ce.

Giwa ta tambaye ta, "Su wa suka wahala a hanya?"

Kura ta ce ita ba ta waiwaya baya ba. Barewa kuwa ta faɗi sunan kowa da abin da ya same shi.

Giwa ta ce wa barewa, "Ke za ki ja su, jikata."

"Kaka, da wannan ƙafar?"

"Da ita. In kina gaba, ba za a bar kowa a baya ba."

Da damina ta faɗi, barewa ta ja su. Tafiyar kwana uku ta ɗauke su kwana bakwai, amma duk wanda ya taso ya isa gida.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta wuce ta bar mu nan.